Sarki Habila da Irin da Ke Saman Murhu

An yi wani sarki a ƙasar Kurmin Dutse, sunansa Habila, mai tsoron Allah ne, mai son tsari kuma, har son tsarin ya nemi ya rinjayi tsoron. Wata kaka ya bi ta gonar wani attajiri, ya ga dawa kaura tsaye kai ɗaya kamar an gwada da igiya, abin ya shiga ransa ƙwarai, sai ya kafa doka cewa kaura kaɗai za a riƙa shukawa a ƙasarsa, sauran iri kuwa a tara a ƙofar fada a ƙone.

Jama'a suka kawo, suna gunaguni a ciki. Amma da dogarai suka shiga ɗakin Baba Zakka, tsohon da ke share majami'a, suka ɗaga kai sai ga iri rataye a saman murhu, inda manoma ke ajiye shi domin hayaƙi ya kori ƙwari: zangarnun gero da maiwa, ƙullin acca, da ƙwaryar gurjiya, duk sun yi baƙi ƙirin. Aka kai tsohon fada, sarki ya yanke hukunci a ƙone irin, shi kuma a kore shi daga ƙasar.

Zakka ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ban ƙi hukunci ba, alfarma ɗaya nake roƙo. A nemo mini abu biyu cikin halittar Ubangiji da suka zama daidai ba bambanci, ni kuma zan cinna wa irin wuta da hannuna, in ɗauki sandata in tafi."

Sarki ya yi dariya, ya ce wa waziri Filibus, "Kwana bakwai na ba ka, ko da yake yini ɗaya ya isa."

Waziri ya fara da ƙwan zabi, ya jera ɗari biyu a tabarma, kowanne da irin zanensa. Ya koma kan ganyen kuka, ya tarar jijiyar wannan ba ta bi hanyar ta wancan ba. Ya je rugar Fulani ya nuna fararen shanu biyu, makiyayi ya ce, "Haba waziri, ai ko kukansu ba ɗaya ba ne." A rana ta shida aka same shi zaune gaban ƙwaryar gurjiyar Zakka, yana juya ƙwaya ɗaya-ɗaya, wata ja, wata fara mai baƙin ido, wata kamar an yayyafa mata tawada, ya manta da abinci, hawaye na bin gemunsa.

Rana ta bakwai ya shiga fada hannu wofi. Sarki ya fusata, ya ce, "Ka yi nisa da nema, alhali amsar tana cikin gidana. A kawo tagwayena!"

Aka kawo 'yan matan biyu tare da mahaifiyarsu Rifkatu. Da ta ji dalilin kiran, ta rufe baki da mayafi tana dariya, ta ce, "Ranka ya daɗe, a idonka ne suke ɗaya. Wannan tana da tawadar Allah a bayan kunne, waccan da hagu take ɗaukar ludayi. Ba kai ne bara ka ɗura wa mai lafiya magani ba, mai zazzaɓin na kwance tana kallonka?"

Fadawa suka sunkuyar da kai. Sarki ya daɗe yana duban 'ya'yansa kamar yau ya fara ganinsu, sa'an nan ya buɗe tafukan hannunsa biyu, ya ga zanen dama bai yi daidai da na hagu ba. Ya ce a hankali, "Baba, me ya sa Mahalicci bai taɓa maimaita aikinsa ba?"

Zakka ya ce, "Allah ya ja zamaninka, taskarsa ba ta ƙarewa, mai abu kaɗan shi ke maimaitawa. Gero na shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri ne, acca ta ƙasar tsakuwa ce inda kaura ba ta kai labari, gurjiya kuwa ita ke riƙe cikin gwauruwa kafin sabon hatsi. A majami'a an koya mana cewa mu jiki ɗaya ne cikin Almasihu, gaɓoɓi kuwa daban-daban. In duk jikin ya zama ido, ranka ya daɗe, da me zai taka ya je gona?"

Sarki ya sauko daga karaga, ya yafa masa alkyabbarsa, ya soke dokar nan take, ya naɗa shi Sarkin Iri. Da yake na sauran jama'a ya riga ya zama toka, daga saman murhun tsohon nan aka raba wa ƙasar duka iri, tafi ɗaya-ɗaya, har ya wadata bayan damina uku.

Masu hikima sun ce, sarkin da ya mai da talakawansa iri ɗaya ya tsara gona ne kawai, mai adalci shi ne wanda ya ba kowane iri ƙasar da zai tsira.