Shuɗiyar Mota da Man Keken Ɗinki

Akwai wani saurayi da ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya. A garinsu kuwa akwai wani tsoho mai gyaran rediyo, wanda ya yi wa matasan coci filin tseren motocin wasa: faifan katako ne mai tsagi biyu, da siraran ƙarafa a gefen kowane tsagi, an jona su da batirin mota. Motocin ba su fi tafin hannu ba, kuma babu wuta a cikinsu. A ƙarƙashin kowace akwai gashin tagulla guda biyu, su ne ke shafar ƙarfen, su sha wuta, sai motar ta ruga.

Kowace shekara, ranar godiyar kaka, akan yi tsere bayan sujada. Shuɗiyar motar ƙanen ce take ci. In ya wuce wansa yakan ce, "Yaya, ka tsaya sayen goro ne a hanya?" Ƙanen ne ya san hannunta. Ya goge taya, ya taje gashin tagullar, ya ɗiga mai da bakin tsinken tsintsiya, ɗigo ɗaya tak.

Da damina ta yi tsakiya, ciwo ya kwantar da ƙanen. Ya ce, "Yaya, kada ka bar shuɗiya ta zauna ranar godiya." Wan ya ce ya ji. Gero bai fid da kai ba aka binne ƙanen.

Sai wan ya ɗora motar a kan taga. Kowace safiya yakan ɗauke ta, ya goge bayanta da bakin rigarsa, ya zuba mata man keken ɗinkin uwarsu. Ba abin da ya rage da zai yi wa ƙanensa sai wannan, don haka yakan zuba da yawa. Amma ko sau ɗaya bai ɗora ta a kan tsagi ba, gama ba zai iya jin kukanta ba.

Ranar godiya ta zo. Wan ya ɗora motar a kan tsagi, tana ƙyalli kamar sabuwa. Aka ba da alama, ya matsa maɓallin da ke sakar mata wuta. Ba ta motsa ba. Ya sake matsawa har yatsansa ya yi fari. Jar motar da ke gefe ta zagaya sau goma, tana wuce shuɗiyar a inda take. Ba wanda ya yi dariya, shirun nan kuwa ya fi dariya ciwo.

Da mutane suka watse, tsohon ya ce, "Miƙo ta nan, ɗana." Ya kife ta a tafinsa. Mai ya jiƙe gashin tagullar, ƙura ta manne, ya zama baƙin danƙo.

"Sau nawa kake zuba mata mai?"

"Kullum, Baba."

"Soya ta za ka yi? To, sau nawa ka ɗora ta a kan tsagi?"

Saurayin ya sunkuyar da kai.

Tsohon ya cire gashin, ya sa sabo daga wayar wata matacciyar rediyo, ya ɗora motar a kan tsagi, ya matsa maɓalli. Ta ruga, tana kukan nan nata siriri, a filin da babu kowa sai kujeru. Saurayin ya zauna a ƙasa ya yi kukan da bai yi a bakin kabari ba. Tsere dai ya riga ya wuce.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: motar nan mu ne. Ba mu da wuta a cikinmu, daga wurin Ubangiji muke sha, addu'a kuwa ita ce gashin da muke taɓa shi da shi. Man nan baƙin cikinmu ne. Ba zunubi ba ne, ƙauna ce ta rasa inda za ta zuba. Amma mu da muka binne namu, mukan wanke fuska mu zo coci tsaf, alhali wata da watanni ba mu durƙusa ba, don muna tsoron abin da za mu ji in mun durƙusa. Ran da aka buƙaci ƙarfinmu, sai a tarar ba motsi. Kada ka jira ranar tsere. Ka kai kanka wurin Mai gyara tun yau, ka bari ya kife ka, ya duba ƙarƙashi.