Haɓar Auta da Ta Karkace

Akwai wani mai ɗaukar hoto da ba a faɗa masa magana ya ji. Yana da 'ya, kowa Auta yake ce mata.

Da ta fara zama budurwa, haɓarta ta soma karkacewa hagu kaɗan-kaɗan. Uwarta ce ta fara lura.

"Maigida, dubi bakin yarinyar nan. Haƙoranta ma ba sa haɗuwa."

"Ni da nake cin abinci da fuskokin mutane za ki koya wa fuska? Yatsina ce, irin taki."

Uwar ta kai Auta wurin likitan haƙori, ya duba ta, ya ce a kai ta babban asibiti a ɗauki hoton ƙashi. Uban ya ce ba inda za ta. In ta tsaya gaban kyamararsa sai ya daka mata tsawa: "Daidaita bakinki!" Ta yi ta ƙoƙari har idonta ya kawo ruwa.

A makaranta aka sa mata suna Bakin Buta. Ta daina dariya. Ta koma cin abinci a ɗaki ita kaɗai, don in tana tauna gindin kunnenta yana ciwo.

Shekaru suka ja. Ranar da bakin ya ƙi buɗuwa sosai, uban ya kai ta babban asibitin da kansa.

Aka ɗauki hoton ƙashin, likitar muƙamuƙi ta haska masa shi. "Ka ga kan ƙashin nan, inda muƙamuƙi yake haɗuwa da ƙoƙon kai? Na dama ya yi ta girma bayan na hagu ya tsaya, shi ya ture haɓar. Da kun zo da wuri, saman ƙashin kawai za mu rage. Yanzu muƙamuƙin sama ma ya bi shi. Sai babbar tiyata, kuma ba zan yi maka alkawarin fuskar za ta dawo daidai ba."

Aka yi tiyatar. Ciwon ya ragu, karkacewar ba ta tafi duka ba.

Da ta fara iya magana, ya zauna a bakin gadonta. "Auta, ki yafe mini."

"Na yafe, Baba. Ni duk shekarun nan na ɗauka laifina ne."

Ta juya fuskarta bango.

Darasi: In ka ga fuskar ɗanka tana sauyawa, ka kai shi asibiti, kada girman kai ya sa ka zama likitan gidanka. Yafiya ba ta dawo da shekarun da aka ɓata. Ku tura wa iyaye su karanta.