Majayin da Ba a Sake Ɗaurewa Ba

Akwai wani mai walda da kowa ya san shi da riƙo. In ka taka shi bana, sai baɗi war haka ya tuna maka, har da kalar takalmin da ka taka shi da shi.

Babban abin da ya riƙe a ransa shi ne na wani tsoho mai koyar da hawan doki a bayan gari. Lokacin yana saurayi ya je koyo wurinsa. Wata rana sirdi ya juye da shi, ya tashi cikin fushi ya hau tsula wa dokin bulala. Tsohon ya fizge bulalar, ya kore shi a gaban jama'a. Shekara ashirin ke nan, amma abin na cinsa kamar jiya aka yi.

Autarsa mai shekara bakwai kuwa ba ta da zance sai na doki. Bangon ɗakinta duk zanen dawakai ne, har da masu ƙafa biyar. Da ta matsa a kai ta koyo, uwarta ta zagaya makarantu biyu ta dawo da bayani.

“Baban Auta, wurin tsohon nan ya fi kwanta mini. Wata guda yaro na sharce doki yana jan ragama kafin ya hau. Kuma ya ce doki kan kumbura ciki in ana ɗaure masa majayin sirdi, don haka sai an ɗan zaga da shi an sake ɗaurewa.”

“Ɗayar fa?”

“Sabuwa ce, tana kusa da shi. Wai sati biyu yaro ya fara sukuwa. Yara goma sha biyu, malami ɗaya.”

“Can za ta,” in ji shi. “Sai ta wuce ta ƙofar bargarsa a guje, ƙura ta bule shi. Ranar zan nuna masa wanda ya kora.”

“To, ita yarinyar me ta yi masa?”

Ya juya ya koma kan ƙarfensa.

Ranar da sati biyu suka cika da fara koyonta, uban ya sa malamin sabuwar makarantar ya fito da Auta kan hanyar da ta bi ta gaban bargar tsohon. Malamin na sauri, ga sauran yara na jira, ya ja majayi sau ɗaya ya ɗora ta. Auta ta ce, “Baba, sirdin yana motsi.”

“Tsoro ne kawai. Riƙe linzami, ki nuna musu ke 'yar waye.”

Uban ya buga wa dokin tafi a gindi. Daidai ƙofar bargar sirdin ya zame gefe, Auta ta faɗi a kan hannunta. Tsohon ne ya fara isa. Ya tare dokin, ya tallafe hannun da tsinken katako, yana lallashinta har aka kawo mota.

Mai walda ya iso ya tsaya a kan tsohon. Duk da haka bakinsa bai mutu ba. “Ka gane ni? Ni ne ka kora shekara ashirin da suka wuce.”

Tsohon ya ƙura masa ido, ya girgiza kai. “Yi haƙuri ɗana, wallahi ban tuna ka ba. Kai ta asibiti, kada hannun ya kumbura.”

Ƙashin ya haɗe cikin wata biyu. Amma ranar da aka cire mata filasta, da wannan hannun Auta ta ɓamɓare zanen dawakanta ɗaya bayan ɗaya, ta miƙa wa ubanta. “Baba, ka zubar. Ba na so kuma.” Ya karɓa, ya rasa inda zai sa idonsa don kunya da baƙin ciki.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, idan za ka zaɓa wa ɗanka wurin koyo, duba haƙurin malami da lafiyar yaron, ka ajiye tsohon fushinka a gefe. Gaggawa ba ta haifar da gwani. Mai riƙo kuma yakan kwana da wutar da wanda yake riƙon ya manta da ita tuntuni, in ta tashi ci, na cikin gidansa take fara ƙonawa.