Gādon Falke a Ƙetaren Kogi

A zamanin da, wani sarki ya rasa yadda zai yi da gādon falke Dogara. Mutumin ya mutu ya bar marayu da rumbu wayam, dukiyarsa kuwa kaf gonakin goro ce a wata ƙasa can ƙetaren kogi. Sarki ya aika, sarkin can ya amsa cewa a wurinsu ɗa ba ya gādo, sai ɗan 'yar'uwar mamaci, in bai zo kafin kaka ba gona ta zama ta fada.

Kuluwa, matar mamacin, ta zube gaban Sarki tana kuka. "Ranka ya daɗe, dusa 'ya'yana ke ci. A taimake ni!"

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, mutum ɗaya ne zai iya karɓowa, Jatau, ɗan ƙanwar Dogara. Amma in ya haye kogi, hannunmu ba ya kai gare shi."

Kuluwa ta tsorata, domin ita ta sa mijinta ya kori Jatau daga gidan, ba da wani laifin kirki ba. Waziri ya ce mata, "Kada ki sa shi rantsuwa. Ki danƙa masa babban ɗanki su tafi tare."

Ta tarar da Jatau yana jimar fata. Ta durƙusa, abin da ba ta taɓa mafarkin yi ba. "Jatau, ga ƙanenka, ba mu da kowa sai kai."

Ya dube ta ya ce, "To, Inna." Suka kama hanya shi da yaron.

Kaka ta wuce, shiru. Kuluwa ta rame, kullum tana ƙofar gari, tana cewa ta yi asarar gona ta haɗa da ɗa.

Ana nan sai ga ayari, jakuna niƙi-niƙi da huhunan goro, ɗanta a gaba. Alƙali ya raba wa marayu, ya fitar mata da tumuninta. Ta dubi madugu. "Ina Jatau?"

Madugu ya ce, "Baiwar Allah, a can wanda ya ci gādo shi ke zama a mazaunin mamaci. Ranar da ya taso, ranar za a ƙwace gonar. Ya ce goro zai riƙa zuwa duk shekara, amma shi kada a jira shi."

Kuluwa ta zauna a ƙasa tsakiyar huhunan goro, ta rufe fuska da gyale.