Ƙarar Keken Mama Tela

Jama'a, yau na zo muku da labarin makwabta. Akwai wani matashi mai haɗa kiɗa a kwamfuta, ana ce masa Injiniya. Situdiyonsa ɗan shago ne da ya lilliƙa wa kwalayen ƙwai a bango don tare ƙara. A ganinsa, duk garin babu mai kunne irin nasa.

Bango ɗaya ya raba shi da wata dattijuwa mai ɗinki, Mama Tela. Kekenta na ƙafa ne, ya tsufa amma ba ya gajiya. Makirufon Injiniya kuwa ko sauro ya gifta sai ya kama, balle keke.

Rannan ya faɗa shagonta ko sallama babu.

"Haba Mama! Wannan tsohon ƙarfen naki yana ɓata min aiki!"

Ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau. "Yi haƙuri, ɗana. In za ka ɗauki murya, ka buga bango sau biyu, sai in tsaya."

Haka aka yi ta yi. Ya buga, ta ɗauke ƙafa, ta koma ɗinkin maɓalli da hannu har ya gama. Ko sannu bai taɓa ce mata ba. Har wurin mai gidan da suke haya ya je a ɓoye wai a tashe ta. Mai gida ya ce, "Ka zo ka same ta, sai ka zauna da ita."

Ana nan sai aiki ya tsaya masa cak. Kowa ya sauke irin gangunan da yake saukewa daga intanet, kiɗan kowa ya zama ɗaya. Wani darakta ya ba shi kiɗan buɗe shirinsa, amma duk abin da ya kai sai ya dawo da shi.

"Injiniya, wannan na ji shi a wayar direbana. Gobe ka kawo min abin da ban taɓa ji ba, ko in nemi wani."

In wannan aikin ya kuɓuce, sai dai ya sayar da kayan ya rufe shagon. Hankalinsa ya tashi ƙwarai.

Ya kunna makirufo yana gwada wani amo da baki, ruɗewa ta sa ya manta da buga bango. Da ya saurara, sai ga keken Mama ya cika wurin: kwat-kwat-kwat. Ya ja tsaki, ya kai hannu zai goge. Sai ya lura ƙafarsa tana bin bugun.

Ya tsaya. Ya yanko ɗan guntun, ya sa shi yana maimaituwa, ya ƙara masa kauri, ya ɗora molo a kai.

Washegari darakta ya ji, ya miƙe tsaye. "Wace ganga ce wannan?"

"Keken mamata ne," in ji Injiniya.

Daga can bai zame ko'ina ba sai shagonta. Wannan karon ya yi sallama, ya durƙusa, ya sa mata abin saurare a kunne. Ta ji, ta kama baki.

"Kai, ɗan nan! Tsohon ƙarfen nawa ne haka?"

"Mama, ki yafe min. Har wurin mai gida na kai ƙararki."

"Na sani tun ranar," ta ce tana dariya. "Tashi, gwiwar wandonka za ta yage, kuma ni za ka kawo wa."

Da shirin ya fito, sunanta na cikin jerin makaɗa, Injiniya ne ya sa aka rubuta. Har yau Injiniya yana buga bangon nan. Sai dai yanzu in ya buga sau ɗaya, Mama ta san nufinsa: ta taka keken, ana ɗauka.

Darasi: Kada ka raina makwabcin da yake haƙuri da kai, domin abin da kake kira damuwa yau yana iya zama rufin asirinka gobe. In kana da irin Mama Tela kusa da kai, je ka gode mata tun tana ji. Ku tura wa 'yan uwa su ma su amfana.