Gizo da Yatsan da Ba Ya Jin Magana

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Gizo dai kun san shi da ci. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne a garinsu ba a ba kowa kwanonsa, akushi ɗaya ake zagayewa a sa hannu. Kafin ya kai loma uku, tuwo ya ƙare.

Ran nan aka yi gayya a gonar Zomo. Aka sauke tuwon dawa da miyar kuka. Ana cikin ci hancin Gizo ya yi ƙaiƙayi, ya zura yatsa ya ƙwaƙulo tasono, ya mai da hannun cikin miya. Nan take kowa ya tsame hannunsa.

Zomo ya ce, "Haba Gizo, wannan wace irin ƙazanta ce?"

Gizo ya ce, "Au, kun ƙoshi ne?" Ya jawo akushi ya sharɓe tas. A ransa ya ce, ashe ga dabara.

Ranar sunan 'yar Bushiya ya maimaita, aka bar masa dambu. A bikin Kunkuru ya sake, aka bar masa farfesu har da ƙashi. Gizo ya yi tumbi, sai dai yatsan nan ya riga ya san hanya. Ko babu tuwo, yana tafiya yana ƙwaƙula. Hancin ya yi rauni, ya kumbura, ciwo ya yi ɓawo a ciki.

Matarsa Ƙoƙi ta ce, "Maigida, farcen nan cuta yake kai maka. Ka ɗebi ruwa ka fyace mana!"

Ya ce, "Ke, hancinki ne ko nawa?"

Sai Zaki, Sarkin gari, ya yanka bijimi, ya aika wa manyan gari, har da Gizo, su zo su ci tare da shi a akushinsa. Wanda ya ci a nan, girma ya tabbata masa har jikoki. Gizo kuwa ba abin da yake kwaɗayi kamar wannan.

Ƙoƙi ta ce, "Don Allah yau kaɗai ka riƙe hannunka."

Ya ce, "Ni yaro ne?"

Aka zauna. Ya kai loma ta fari lafiya. A ta biyu hanci ya motsa, ya daure har da hawaye. A ta uku, wallahi bai ma san lokacin da yatsan ya bar hanyar baki ya shige hanci ba. Ɓawon ciwo ya ɓalle, haɓo ya ɓarke, jini ya ɗiga ɗis, ɗis, ɗis cikin romon Sarki.

Zaki ya ajiye tsokarsa ya ce, "Tashi. Daga yau kada wanda ya ƙara haɗa kwano da kai."

Ni kaina har tausayi ya ba ni. Ya samu abin da yake nema, kwano nasa shi kaɗai, amma hanci a toshe ba ya jin daɗin komai, ba kuma mai ce masa bisimilla. Shi ya sa har yau kuke ganin Gizo can a kusurwar ɗaki, yana cin ƙudansa ba abokin hira.

To jikokina, ƙwaƙular hanci ciwo take jawowa, ta kuma kore muku mutane. In ya dame ku, ga ruwa ga tsumma, sannan ku wanke hannu.

Ƙungurus kan kusu, tawa ta ƙare nan.