Tagar da Ke Duban Teku

An yi wani manomi a ƙasar tudu wanda fari ya kore shi daga gonar ubansa. Ya kwashi matarsa da 'ya'yansa da mahaifiyarsa tsohuwa, suka gangara kudu har bakin teku. Can ya sami fili ya soma gini.

To, a garinsu ko yaro ya san hadari daga gabas yake tasowa. Shi ya sa kakanninsa suke ƙara wa bangon gabas kauri, su ninka masa yaɓe. Mutumin nan kuwa kukan gidansu ya yi. Da yake hanya ta gabas take, dole ƙofa ta dubi can, sai ya sa ta ƙarfe mai nauyi, da sakata sama da ƙasa. Amma ta kudu, wajen teku, ya buɗe ƙatuwar taga da gilashi mara kauri, ko murfi babu, gama iskar wajen tana da daɗi. Ya ajiye gadon mahaifiyarsa a ƙarƙashinta, domin zafin ƙasar yana hana ta numfashi.

Maƙwabcinsa, haifaffen wurin, ya zo ganin gida. Ya ƙwanƙwasa ƙofar ya yaba, ya zaga baya ya ga tagar. Sa'an nan ya ce, "Maƙwabci, mu nan guguwa daga teku take zuwa. Ka yi wa tagar nan murfin katako, ko ka rage mata faɗi."

Mutumin ya yi dariya ya ce, "Tun ina goye nake ganin hadari, ban taɓa ganin wanda ya ɓata hanya ba. Kuma Inna tana jin daɗin iskar."

Wata rana da la'asar sama ta yi baƙi ƙirin, teku ya kumbura. Maƙwabta suna ta buga katako a tagoginsu. Shi kuwa ya zura sakatunsa, ya ja kujera ya zauna a bayan ƙofar ƙarfe, hankali kwance. Guguwa ta taso daga kudu, ta ɗauko reshen kwakwa ta maka wa tagar. Gilashi ya tarwatse. Da iska ta shiga ta rasa mafita, sai ta ɗaga rufin, bangon kuma ya rufto a kan gadon tsohuwa. Kafin a janye tubalan rai ya yi halinsa.

Mutumin ya zauna cikin laka yana ta faɗi, "Ai na kulle. Na kulle da hannuna." Maƙwabcin ya ɗauko shebur ya taya shi haƙa kabari.

Ga abin da misalin nan yake nufi. Gidan shi ne rayuwarka. Ƙofar ƙarfe ita ce zunubin da ka riga ka ƙi, kake fahariya da ƙinsa: ba ka shan giya, ba ka sata, ba ka fashin sujada. Madalla. Amma Shaiɗan ba wawa ba ne da zai tsaya bugun ƙarfe. Yana zagawa ta tagar da ka bari domin tana maka daɗi, ko zafin baki ne a cikin gida, ko gulma, ko wata hira a waya da ba ka so matarka ta gani. Abin da ya fi ba ni baƙin ciki shi ne, sau da yawa ba mai tagar ne bango yake dannewa ba, sai wanda ya kwanta a ƙarƙashinta domin ya amince da kai.

Saboda haka in ɗan'uwa ya zaga bayan gidanka ya nuna maka wuri, kada ka ja shi gaba ka nuna masa sakata. Ka saurara, ka roƙi Ubangiji ƙarfin rufewa tun sama tana da haske. Mutumin nan ma daga baya ya tā da bangon, ya yi wa tagar murfi mai kyau ƙwarai. Sai dai ba mai kwana a ɗakin.